Tukunyar Alkasum a Zaman Rabon Rumfuna

Alkasum ya zo Agadez daga kudu tun kafin a fara maganar zinariyar Djado. Ya kafa rumfa a bakin tasha, yana sayar da shinkafa da wake. Yadda yake ɗaura zane in zai hura wuta, da yadda hannunsa ke lanƙwasa in yana magana, kowa ya gani, kowa kuma ya san sunan da ake ba irinsu. Mu dai Alkasum muke ce masa. Bai yi aure ba. Ba mu tambaya ba, shi ma bai ce komai ba.

Masu haƙa in sun sauko daga daji, leɓe a tsage, wurinsa suke fara zama. In ana suna ko biki a unguwa, shi ake kira ya ɗora manyan tukwane. Albasar Tabelot yake soyawa har ta kusa ƙonewa, ta haka ake gane girkinsa.

Bara aka ce za a sake rabon rumfuna, majalisar unguwa ta zauna a zauren mai unguwa. Issouf, malamin lakkwal, wato makarantar boko, wanda muke kira mushe, ya nemi a rubuta cewa ba za a hana kowa rumfa ba saboda tafiyarsa ko muryarsa.

Nomau mai sayar da kayan mota ya miƙe. “Wace tafiya, mushe? Kira abin da sunansa mana! Ƴaƴanmu ta nan suke wucewa. Alkasum ɗin nan, a tashe shi.”

Aka yi ta ja har azahar. Bayan salla Indo, matar mai unguwa, ta turo abinci kamar yadda aka saba, daga inda aka saba saye. Nomau ya ci, ya ƙara. Sai ya tsaya, yana kallon baƙar albasa a yatsunsa.

Mai unguwa ya ce, “Ci mana, Nomau. Hannun da ya dafa abincin sunan ɗanka ne ya dafa wannan.”

A wurinmu mutum ba ya tashi da maiƙon abincin wani a hannu ya ce a kore shi.

“Da gangan aka yi mini wannan,” in ji Nomau.

Daga bayan katanga Indo ta ce, “Alhaji Nomau, wa kuma ke dafa wa taro a unguwar nan? Kai?”

Aka yi dariya, ba da ƙarfi ba. Maganar Issouf ma ba a rubuta ta ba. Aka dai bar wa Alkasum rumfarsa, kowa ya nemi takalminsa.

Da la’asar na je na gaya masa. Yana kankare gindin tukunya, bai ɗago ba.

“An rubuta, Baba?”

Na ce ba a rubuta ba.

“Ke nan za a sake zama.”

Na ce mai yiwuwa ne.

Ya zuba ruwa a tukunyar, ya juya ta. “To, a gaya mini ranar da wuri, in jiƙa wake.”