Jan Rubutu a Zauren Mahaifina

Shekarun baya can, lokacin da na fara koyon rubuta manhaja da harshen C, ba ni da malami sai tsohuwar kwamfutar da yayana ya bar min a Tambuwal. Mahaifina, wanda ke ba da karatu a zaure, ya ba ni wa'adi: in damina ta wuce ban nuna masa amfanin abin ba, in tafi Fakku kiwon shanun kawuna. Ni kuwa ko akuya ta fi ƙarfina.

Da farko kurakuran harhaɗawa, wato sa'ad da kwamfuta ke mayar da rubutuna manhaja, su ne suka sha min kai. In manta ɗigo ɗaya, allo ya cika da jan rubutu. Na samu na gama da su, har na fara hura hanci, sai linka, mai ɗinke fayiloli, ta ce atafau ba ta san wani guntun manhaja da na kira da sunansa ba. Ga shi kuwa da hannuna na rubuta shi. Har aka fara yankan gero ina nan a wuri ɗaya.

Wata rana bayan la'asar, ɗalibai sun watse, mahaifina ya gan ni na yi tagumi.

"Mi tac ce maka? Karanto mani, yadda aka biya karatu."

Bai san Turanci ba, sai na riƙa karantawa ina fassarawa. Ya ce in maimaita. Na maimaita: na kira suna, ba a ga mai sunan ba.

"To, ina kab baro shi?"

"Cikin wani fayil, Baba."

"In littahi ya ambaci wani littahi, ɗauko shi nika yi in buɗe su tare. Kai ka haɗa su?"

Ban haɗa ba. Duk tsawon lokacin nan fayil ɗaya nake miƙa mata. Na haɗa biyun, jan rubutu ya ɓace. Sai ya gyara min wuri a kan buzunsa. Maganar Fakku ba ta sake tashi ba.

Yau da wannan aikin nake ci, irin wannan kuskure kuma ba ya ɗaukar min minti guda. Amma ina kewarsa ƙwarai, Allah Ya jiƙansa. Har yanzu in jan rubutu ya fito, da ƙarfi nake karanta shi da Hausa, sannan in ɗan dakata, ko zan ji an ce in maimaita.