Sawun Baba a Bakin Rijiya

A shekarar da damina ta yaudare mu karo na biyu na koma gidanmu haihuwar fari. Gero ya yi kara bai fitar da kai ba, gyaɗa kuwa ko irin da aka shuka ba a mayar ba. A unguwarmu, can gefen Minjibir, gida bayan gida ake sa kwaɗo a ƙofa ana tafiya birni. Mu abu ɗaya ya riƙe mu, rijiyar tsakar gidanmu wadda kakana ya haƙa. Ruwanta ya ja baya sosai, amma bai ƙafe ba.

Baba ya sha faɗa a gabanmu: "Muddin da ruwan sha a rijiyar nan, ba inda za ni. Ranar da ta mutu, ku ɗaure kaya."

Ba mu taɓa zaton ta inda abin zai ɓullo ba. Wata safiya Inna ta jawo guga za ta ɗora mini ruwan wankan jego, sai na ji ta rafka salati. Ruwan ya fito shuɗi, yana mugun wari. Ashe ƙasa ce ta tsage saboda fari, dagwalon marinar da ke bayan katangarmu, wato ruɓaɓɓen ruwan rini da ake zubarwa a rami, ya sami hanya yana tsiyayowa ta jikin rijiyar. Ruwa mai daɗi na ƙasa, wannan ƙazanta na zubo masa daga sama. A shekarar da ake fita roƙon ruwa, mu ruwa ne ya zame mana bala'i. Har yau in na tuna sai in riƙe baki.

Daga ranar Inna ta koma ɗebo ruwa a wani ƙauye mai nisa, da tulu a ka, ga tsufa. Mai jego kuwa ruwa take ci kamar rairayi, wanka safe da yamma, ga wankin jariri. Ina kallon wuyanta yana ƙanƙancewa, ina jin kamar ni ce nake shanye ta.

Mijina a lokacin lebura ne a wajen aikin wata madatsar ruwa. Da labari ya kai masa, ran Juma'a sai ga shi a kan keke da ɗan buhu ɗaure a baya. Ragowar wani siminti ne da shugaban aikinsu ya bar masa, kuma ba a samunsa a kasuwa. Ya ce mini ba irin na gini ba ne. Ɗan kaɗan ake jiƙawa, a dunƙula a tafin hannu, a danna a bakin ɓular da ruwa ke fitowa, a riƙe. Kafin mutum ya gama alwala ya zama dutse, ko da a cikin ruwa ne.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mijina bai taɓa haɗa ido da Baba ba. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin zaure, kansa a ƙasa. Yaya suruki zai zauna yana koya wa surukinsa kwaɓa siminti? Kuma Baba ba kowa ba ne, magini ne. Rabin ɗakunan unguwarmu da rumbunansu hannunsa ne. Don haka mijina ya faɗa mini, ni na faɗa wa Inna, Inna ta kai wa Baba tare da furarsa.

Ina jin amsarsa daga ɗaki. "Kaɗan-kaɗan? Gumba ce? Yaron nan ba a haife shi ba na fara kwaɓa ƙasa. Duk abin da za a yi gini da shi, sai an cuɗa shi ya tsumu."

Inna ta ce, "Malam, ya ce wannan daban ne."

"Na ji," in ji Baba. Wanda ya san Baba ya san wannan "na ji" ɗin, ba ta nufin komai.

Washegari da hantsi maƙwabta biyu da suka rage suka shigo riƙe igiya. Ni ina ɗaki da jariri a cinya, ina leƙe ta tsakanin asabari. Aka zura mijina cikin rijiya don ya fara kankare bakin ɓular. Ya bar buhun a inuwa da ƙaramar tasa a kai, da nufin in ya shirya a miƙa masa garin simintin, ya riƙa jiƙawa a can ƙasa.

Baba ya tsaya yana kallon tasar. Ni na san ba girman kai kaɗai ba ne. Bai iya zama hannu rabbana ba, surukinsa na cikin rami yana yi masa aiki. Sai ya jawo rabin duro, ya zazzage buhun kaf a ciki. Ya ɗauki tulun da Inna ta ɗebo da asuba, ya tuttule. Ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya yi bisimilla, ya shiga da ƙafafu biyu yana tattakawa, yadda ya saba yi wa jar ƙasa da ramno, busasshiyar ciyawar da ake cuɗa ta da ita.

Inna ta ce "Malam!" ya ɗaga mata hannu. Ɗaya daga masu riƙe igiya ya leƙa rijiya da fara'a ya ce, "Kai ka huta, Baba ya kwaɓa maka duka."

Sannan muryar mijina ta taso daga ƙasa.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa, sannunka dai."

"Allah ya ƙara girma, Baba."

"Amin, amin."

"Baba, a yi mini aikin gafara, da dai za a ɗan..."

Da ni ce a ramin nan, wallahi ihu zan kurma. Shi kuwa sai da ya bi gaisuwa daki-daki, Baba na amsawa yana tattakawa. Ban ji ƙarshen maganar ba, don Baba ya daina motsi. Na ga ya dubi ƙafafunsa. Ya yunƙura zai ɗaga ta dama, duron gaba ɗaya ya girgiza.

"Kai, abin nan da zafi," ya ce, a hankali, kamar mai tambaya. Sai kuma da ƙarfi: "Innalillahi! Ya kama ni!"

Ban san lokacin da na fito tsakar gida ba, ba mayafi, jariri na tsala kuka. Aka jawo mijina a gigice. A ranar na fara ganin ya taɓa jikin Baba. Ya rungume shi ta ƙugu, maƙwabta na dukan simintin da guduma ta gefen idon sawu, kowane bugu Baba na cije leɓe. Da ƙyar aka fasa saman aka zare shi. Fatar ƙafafun ta saluɓe kamar an zuba musu tafasasshen ruwa. Mijina ya tattara ɓaraguzan yana murzawa a hannu, ko zai sami ɗan garin da ruwa bai taɓa ba. Bai samu ba.

Mijina ya gwada toshe ɓular da tsumma da yumɓu, dagwalo ya wanke su kafin la'asar. Ya koma wajen aikinsu neman wani, ya tarar an tsayar da aikin, an kwashe kaya. Inna ta ci gaba da ɗaukar tulu har ƙafafun Baba suka warke, ita kuma nata suka kumbura.

Baba bai jira an tuna masa maganarsa ba. Da kansa ya ce a ɗaure kaya. Ranar tafiya ya sa aka jera azara a bakin rijiya don kada ɗan wani ya faɗa, aka kife duron, dunƙulen simintin ya faɗo, aka mirgina shi aka danne azarar. Sawunsa biyu na nan a jiki, har yatsu, har tsagar diddigensa. Ya daɗe tsaye a kai, motar kaya na jiranmu a bakin hanya.

Ya dubi ɗakunan da ya gina, ya dawo da ido kan dunƙulen. Ya ce, "Duk ginin da na yi a garin nan, wannan kaɗai ne ruwa ba zai ci ba."

Bayan rasuwarsa na koma unguwar da ɗana, ya zama saurayi. Ɗakunan duk sun narke sun koma gona. Dunƙulen na nan ko tsaga babu, ruwan sama ya taru a cikin sawun, kaji na sha.