Kubra da Takwararta a Gidan Reno na Rikkos

Kubra 'yar Labaran ce, wani Bakano da haƙar kuza ta kawo shi Jos tun zamanin Turawa, ya zauna bai koma ba. A barikin 'yan kuza aka haife ta. Ta yi firamare zuwa aji huɗu, sauran karatun ta ƙarasa shi a ajin yaƙi da jahilci bayan ta yi aure. Mijinta Malam Isa tela ne a Rikkos, kuma 'ya'yansu uku. Amma wanda ya shiga gidan da hantsi sai ya rantse goma ne, don matan unguwa masu zuwa kasuwa a wurinta suke ajiye nasu. Goyo a baya, wani a kafaɗa, haka take tuƙa tuwonta.

A bayan layinsu akwai wani gidan reno da ƙungiyar matan unguwa ta kafa saboda jariran da iyayensu mata suka rasu. Mai riƙe da shi Mama Firisila Dantong ce, tsohuwar nas 'yar Vom, doguwa mai furfura, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji: kowa "kai" ne a bakinta. A shekarar 1977 gwiwoyinta suka fara ba ta wahala, sai ta ce a samo wadda za ta koyi aikin a hannunta. An kawo mata 'yan mata masu takardun sakandare, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce ita matar telan nan take so. Ofishin jin daɗin jama'a ya amince Kubra ta yi shekara biyu tana koyo.

Ranar farko Kubra na shiga ta sunkuci wani jariri mai kuka.

"Kubura, ajiye shi," in ji Mama. "Wata ɗaya, ba za ka ɗauki yaro ba."

"Haba Mama! To me na zo yi?"

"Hannunka biyu ne, yara goma sha takwas. Ka zo ka koyi yadda kowane yaro zai samu hannu."

Watan nan ya yi wa Kubra tsawo. Ta koyi raba aiki tsakanin masu reno shida ba tare da wata ta ga an danne ta ba. Ta koyi auna nauyin jariri da karanta katin asibiti, da gane madarar da ta fara juyawa tun kafin a sauke ta daga mota. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne rahoto. Sai ta cika shafi biyu, Mama ta soke rabi da jan biro, ta ce, "Rubuta abin da ka gani, ba abin da ka ji a zuciya ba." Tana komawa gida ta yi ta mita, Malam Isa na taka kekensa yana dariya: "Maman Mariya, yau kin gane abin da na sha a hannun maigidana kafin ya bar ni in taɓa almakashi."

Da damina ta 1978, wata rana ana ruwa da ƙanƙara, wani direban babbar mota Bayarabe mai suna Kasali ya shigo da jaririya a cikin rigarsa. Matarsa ta rasu kwana tara bayan haihuwa. Kubra ta tambayi sunan yarinyar, ya ce Kuburat. Ta ajiye biro ta dube ta. "Ashe takwara ce," ta ce. Daga ranar kowa a gidan ya san 'yar wa ce.

Da farko Kasali na zuwa kowace Juma'a bayan an sauko masallaci. Sai ya daina. Wata ɗaya, wata uku, har wata biyar babu shi babu saƙo. Kubra ta yi shawara da mijinta ko su ɗauki yarinyar su riƙe, ya ce inda uku suka ci, ta huɗu ba za ta rasa ba. Da murna ta kai wa Mama labari. Mama ba ta yi murna ba.

"Ka nemi ubansa?"

"Shi fa ya gudu, Mama."

"Ka gan shi yana gudu?"

"A'a, ban gani ba," in ji Kubra.

"'Yata, gidan nan zango ne. Yaro ya huta, mu mayar da shi ga mutanensa in akwai su. Je ka nemo."

Kwana uku Kubra tana yawo a tashar manyan motoci, ranta a ɓace, tana tara maganganun da za ta yaɓa masa. A rana ta uku wani bakanike ya gaya mata cewa motar Kasali ta faɗi a gangaren hanyar Akwanga, ya karye a cinya, aikin ma ya tafi. Ya kwatanta mata ɗakin da yake a Dilimi.

Ta same shi zaune a kan tabarma, ya rame, sanda a gefensa. Da ya gane ta sai ya sunkuyar da kai. Ya ce kunya ce ta hana shi aikawa, yaya uba zai je wurin 'yarsa hannu rabbana, yana jan ƙafa? Sannan a hankali ya ce, "Madam, ta fara zama?"

Duk maganganun da ta tara suka watse. "Zama? Ai rarrafe take yi. Haƙoranta biyu, jiya ma ta cije ni."

Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta bar shi ya gama, kamar yadda ta sha ganin Mama tana yi, sannan ta tambaye shi danginsa. Ya ce yana da yaya, Abike, mai sayar da atamfa a Bukuru, amma shekara huɗu ba sa magana, tun da ya bar shagonta ya kama tuƙi ba da yardarta ba.

Sau uku Kubra ta hau mota zuwa Bukuru. Zuwan farko Abike ta ce ba ta da ƙane. Na biyu ta ba ta kujera da ruwa. Na uku ta rufe shago ta biyo ta. Abike na ganin yarinyar a gidan reno ta dafe ƙirji, ta ce goshin mahaifiyarsu ne sak, ta zauna a ƙasa tana yi mata kirari da Yarabanci.

Mama ta janye jikinta, ta bar wa Kubra komai. Kubra ce ta je ta duba gidan Abike, ita ta tsara cewa Abike ta riƙa zuwa sau biyu a mako har yarinyar ta saba da ita, ita ta zaunar da yaya da ƙane a ofis har suka gaisa. Rahoton da ta rubuta, layi ɗaya kawai Mama ta soke.

Ranar tafiya, Kubra da kanta ta ɗora yarinyar a bayan Abike, ta ɗaure zanen. Ta ce mata yarinyar tana son kunun acca, ba ta son ruwan sanyi, in za ta yi barci a shafa mata kunne. Ta raka su har bakin titi tana fara'a. Da motar ta tashi, sai ta zagaya bayan gida wurin igiyar shanya, ta tsuguna ta yi kuka mai isarta. Can sai ga Mama tana ɗingishi da bokitin wanki. Ta miƙa mata bakin zanen gado su matse tare.

"Ni ma a nan nake yin nawa," ta ce. "Ya fi sau arba'in. Kama da kyau."

A ƙarshen 1979 Mama Firisila ta miƙa mata makullai, ta koma Vom ta kama noman dankali. Kubra ta riƙe gidan shekara goma sha tara, mata huɗu suka koyi aikin a hannunta. Kasali bai koma tuƙi ba, ya buɗe rumfar facin taya kusa da shagon yayarsa. Duk wata Kubra kan leƙa su, har yarinyar ta shiga makaranta.

In al'amari ya cushe mata, sai ta sayi goro da sukari ta tafi Vom. Ta zauna a bakin kunyar gona ta zayyana matsalar tun daga farko, tsohuwar na cire ciyawa tana saurare. Yawanci kafin ta kai ƙarshen bayani ta riga ta ga mafita da kanta. Sai su ci gwaten acca, Mama ta cika mata buhu da dankali, ta kama motar yamma ta dawo Jos.