Malama Ƙauna: "Wani Ɗan Ajinsu" Yana da Suna

Ni Sati Mordecai, mai maɗaba'a a Jushi cikin Sabon Gari, ban gaji ko allura daga wurin kowa ba. A aji biyar na sakandare karatuna ya tsaya. Da buroshi biyu da gwangwanin fenti ɗaya na fara, ina bin shaguna ina rubuta musu allon suna. Yau ina da injin buga takardu uku, mutum goma sha ɗaya ke cin abinci a ƙarƙashina, na gina gida a Unguwar Gabas, na gina wa mahaifiyata nata kafin ta rasu, 'ya'yana biyu suna jami'a. Ba kawu, ba ubangida, ba ɗan siyasa. Duk wanda ya zauna da ni minti goma ya ji wannan jerin, kuma ban taɓa jin kunyar faɗinsa ba.

Na sake jero shi yau ne domin akwai gyara a ciki, kuma wadda ya kamata in yi gyaran a gabanta ta tafi.

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, da hantsi, Malama Ƙauna, matar Malam Ibukun, uwar Busola da Toma, ta yi barci cikin Ubangiji, bayan shekara biyu tana fama da ciwon daji na fata. Shekararta arba'in da shida, ashirin daga ciki ta yi su ne tana koyar da yara a firamare a Samaru.

Ba wanda ya kira ni ya gaya mini, kuma ban ga laifin kowa ba. Washegari ƙanenta Sebastian ya shigo shagona, ya ce, "Oga Sati, littafin jana'iza muke so, kwafi ɗari uku. Mun san nan take kawo aikinta." Ya ajiye hoto a kan tebur. Haka na ji mutuwarki, Ƙauna, a tsaye, da biro a bayan kunne.

A shekarar 1995 na fara ganin ki. Na shigo aji huɗu a tsakiyar zango, daga Bomo, da wando wanda ya yi mini kaɗan. Duk benci ya cika sai na gaba, inda kike zaune ke kaɗai. Ke zabiya ce, kuma ba mai yarda ya zauna kusa da ke. Malam Shehu, mai koya mana labarin ƙasa, ya nuna mini wurin, ya ce in faɗi sunana. Ni kuwa mai i'ina ne, irin wadda kalma ke maƙalewa har jijiyar wuya ta tashi. Kafin in fitar da "Sati" aji ya kece da dariya. Wani Kingsley, ɗan Sabon Gari, ya ce daga baya, "A ja masa igiya mana, janareton ya ƙi tashi!" Ke dama suna kiran ki Baturiyar Samaru. Daga ranar muka zama Baturiya da janaretonta.

Malam ya cika allo da rubutu. Na ga kina ƙanƙance ido, biro a hannu, ba ki rubuta komai ba. Can kika ce, "Kai, me aka rubuta a can?" Na buɗe baki, abin ya ƙi. Ba ki yi dariya ba, ba ki kuma ƙarasa mini maganar ba kamar yadda masu tausayi ke yi. Kika turo mini littafinki, kika ce, "To rubuta mini."

Na rubuta. Kika kai takardar har tana taɓa hancinki.

"Wannan tururuwa ce ta bi ta kan takarda? Ƙara girma."

Na ƙara.

"Ƙara dai."

Sai da layi ɗaya ya ci layi uku kika ce, "Yauwa. Amma ka tsayar da ƙafafunsu, kada su riƙa tangaɗi."

Ba ki san inda maganar ta taɓa ni ba. Mahaifina magini ne, gwani kuwa, amma daga wurin aiki gidan burkutu yake wucewa, kuma abin da ya sha a jikin mahaifiyata da nawa yake saukewa. Na san tangaɗi fiye da kowa a ajin nan. A ranar na ƙudura cewa ba harafin da zai ƙara fita daga hannuna a karkace.

Shekara ɗaya da rabi ina kwafa miki darasi. Manyan baƙaƙe na cin takarda, littafi ɗaya ba ya kai mana mako. Sai na koma bin ɗakunan da 'yan jami'a ke haya a Bomo, ina tsintar takardun da suka zubar bayan jarrabawa, in juya bayansu mai fari, in ɗinke da zaren buhu. Ke ce mai duba aiki. Kina da awo guda: ki miƙe hannu da takardar, idan kin karanta daga nan ta ci, idan ba ki karanta ba in sake. Kin hana ni matse kalmomi, kin hana ni yi wa haruffa wutsiya da kwalliya. Kika ce kwalliya ta masu ido ce. Ni kuma idan malami ya jefo mini tambaya, sai in rubuta amsar ki karanta da ƙarfi. Malam Shehu ya kawar da kai ya bar mu. Allah ya saka masa.

Lokacin hutun tara kowa na fili, mu muna gindin mangwaron bayan aji, ke saboda rana, ni saboda ba mai jiran in gama magana. Ranakun da na zo da kumburin ido ba ki taɓa tambaya ba, sai dai ki raba dankalinki biyu ki ba ni babban. Can kika gaya mini cewa a gidan da kika tashi kwanonki dabam ake ajiyewa, da ɗigon jan fenti a gindinsa, don kada sauran yara su ci a ciki. Waɗanda suka yi haka sun riga mu tafiya, ba zan tona su ba. Na faɗa ne don 'ya'yanki su san daga inda uwarsu ta taso har ta zama mai ciyar da yaran mutane.

Sai na yi kuskuren da ba wanda zai yi sai ni. Muna aji biyar, ina da shekara goma sha bakwai, na rubuta miki wasiƙa. Kowane saurayi da ƙananan baƙaƙe yake rubuta irinta, ya ninke ta kamar laya. Ni na rubuta ta yadda za ki iya karantawa, kowane harafi kamar babban yatsa. Ban yi tunanin cewa abin da kika iya karantawa a miƙe da hannu, na benci na biyar ma zai karanta ba. Kina ɗaga ta Kingsley ya fara karantowa daga baya, yana kwaikwayon i'inata, aji na buga tebur.

Na so ƙasa ta tsage. Ke kuwa kika miƙe, kika juyo kika fuskance su, kika ce, "Kingsley, karatunka ba kyau. Tunda kuna son ji, bari in karanta muku daidai." Kika karanta, a hankali, har ƙarshe: "Bakina ba ya iyawa, shi ya sa na rubuta. Ina son ki. Idan na girma zan sayi mota mai rufi don kada rana ta ƙara taɓa ki." Kika ninke ta, kika sa a aljihu, kika ce, "Akwai wanda aka taɓa rubuta wa irinta a cikinku? To." Kika zauna. Da malami ya shigo, kika matso kika ce ƙasa-ƙasa, "Ni ma. Amma ka bar maganar mota."

Da na bar maganar a nan, da an gama. Amma zuciya ta ci ni. Bayan an tashi na tare Kingsley a bakin ƙofar makaranta na cire masa haƙori. Aka ce kada in dawo sai da mahaifina. Ya zo kuwa, ana taron safe, yana tangaɗi, yana yi wa shugaban makaranta waƙa, ya tuɓe bel ya hau ni da duka a gaban ɗalibai ɗari shida. Na san ba ki gani ba daga inda kike, amma kin ji. Ban ƙara taka makarantar ba. Na bi motar Sabon Gari, na yi wa kaina alkawari ba zan tsaya a gabanki ba sai na zama mutum.

Kin aiko sau biyu a neme ni. Na ɓuya. Shekara goma alkawarin ya ci.

A 2006 na sayi motar. Na wanke ta da hannuna, na tuƙa zuwa Samaru, na tsaya a tsallaken titi gaban makarantar da kike koyarwa, na jingina da ita don ki gani. Kika fito da lema, da goyo a bayanki, kika wuce ni. Sai da na tsallako na kira sunanki kika tsaya cak. Kika ce, "Sati? Ka matso mana." Na matso. Kika daɗe kina duban fuskata. Na nuna miki motar, na ce ga alkawari. Kika yi murmushi, kika ce, "Ni ban ma gan ta ba. Kai da ka fi kowa sani, ba na gani daga nesa. Da ka zo kusa tun tuni."

Ba a taɓa gaya mini maganar da ta fi wannan nauyi ba, kuma ba faɗa a cikinta. Kika juyo mini da goyon, kika ce, "Gai da Busola."

Daga nan ba abin da ya ƙara shiga tsakaninmu sai mutunci, Allah shaida, Malam Ibukun ma shaida. Kowace shekara kina zuwa shagona da aiki iri ɗaya: katunan baƙaƙe da littattafai masu manyan haruffa, don yaran da ba sa ganin allo. Kina bin aji-aji kina zaƙulo su, kina mayar da su bencin gaba, kina bin iyaye har gida a kan maganar tabarau da hula mai faɗi. Kuma har kika kwanta ciwo ba ki daina miƙe hannu da aikina kina awo ba. Ma'aikatana sun san doka ɗaya a shagon: allon da Malama ba za ta iya karantawa ba, a goge a sake. Suna zaton don ke babbar mai kawo aiki ce.

To ga gyaran da na ce zan yi. Na sha faɗa cewa ba wanda ya koya mini sana'a. Ba gaskiya ba ne. Tsayuwar harafi, da tazarar kalma, da ɗinkin littafi, duk a bencin gaba na koye su, a hannun yarinyar da ba ta ganin allo. A cire wannan daga jerin abubuwan da na yi ni kaɗai.

Yanzu kuma ga abin da ya sa na buga wannan takarda nake rabawa a bakin coci. A shafi na huɗu na littafin jana'izar, inda Busola ta rubuta tarihin mahaifiyarta, akwai layi ɗaya: "Ta sha gaya mana cewa da ba don wani ɗan ajinsu da ke kwafa mata darasi da manyan baƙaƙe ba, da ba ta yi karatu ba." Ni na jera wannan layin da hannuna. Inji nawa ne, ba mai hana ni in ƙara kalma biyu. Amma dokar sana'armu ita ce abin da aka kawo shi ake bugawa, ba ƙari ba ragi, ko da kuwa a kanka ake magana. Na buga kwafi ɗari uku, na ɗinke, na zauna a bencin baya a coci ina jin ana karanta "wani ɗan ajinsu". Kingsley ma ya zo, da furfurarsa. Da aka kai layin ya waiwayo ya dube ni. A waje ya kama hannuna yana son magana, ta ƙi fita. Na ce masa ya bari, na san yadda abin yake.

Na san dalilin da ya sa ba ki faɗa musu sunan ba, Ƙauna. Kunya ce, da girmama mijinki. Kin kyauta. Ubangiji ya yi miki jinƙai, ya gafarta kurakuranki, ya ba ki hutu a inda rana ba ta ƙuna, inda ba a ware wa kowa kwano. Ya buɗe miki ido ki ga nesa da kusa.

Malam Ibukun, ka riƙe ta da daraja, ka yi jinyarta shekara biyu ba ka gaji ba. Kai ka zo kusa lokacin da ni nake nesa, kuma ban taɓa riƙe ka da komai ba. Allah ya ba ka haƙuri. Busola da Toma, Allah ya raya ku, ya sa ku ɗauko halinta. Sebastian ƙanena, da zumuntar mata, da malaman makarantarta, da yaran bencin gaba, Ubangiji ya ta'azantar da mu duka.

Abu ɗaya nake nema, kuma ba roƙo nake yi ba, domin haƙƙina ne. Badi za ku sa dutse a kabarinta, ku sake buga tarihinta. Rubutun dutsen ni zan yi, ba yaran shago ba, kuma ba zan matse ko kalma ɗaya ba. Shafi na huɗu kuwa, Busola 'yata, ba ni da ikon taɓa shi sai ke kin kawo gyara da hannunki. Ki kawo. Wani ɗan ajinsu yana da suna. A rubuta Sati Mordecai, ɗan Bomo, bencin gaba. A rubuta shi da manyan baƙaƙe, yadda za ta iya karantawa.