Ilu da Ganyen Kokwamba

Shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Ilu makwancinsa, kuma har yau ba na iya wuce shukar kokwamba ban leƙa bayan ganyenta ba. Ajinmu ɗaya tun firamare a nan Jibiya. Ni na ƙare malamin makaranta, shi malamin gona, kuma ina zargin ɗalibansa, wato shuke-shuke, sun fi nawa jin magana, tunda ba su da ƙafar gudu.

Da ya kafa rumfar leda a gonarsa ta hanyar Mazanya, mutane suka ce ya gina wa kokwamba ɗakin amarya. Direbobin Maraɗi da ke sarin kayansa kuwa Mushe suke kiransa, wato malamin makaranta a bakin mutanen Nijar, don ba sa tafiya sai sun sha darasi. Darasin bai taɓa canzawa ba. In shuka yunwar taki take ji, tsofaffin ganyen ƙasa ke fara yin rawaya. In cutar bairas ce, sabon ganyen sama ke fitowa dabbare-dabbare kamar atamfa, ya tattare, 'ya'yan su yi ƙuraje. Darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu maƙalewa a bayan ganye, ke yaɗa ta, wata irin ma hannu da wuƙa sun ishe ta yaɗuwa. Ba ta da magani, sai a tuge a binne nesa.

Mu kuwa al'adarmu, in ka shiga gonar mutum sai ka shafa ganye ka ce tubarkalla. Ilu ya ajiye buta da sabulu a ƙofar rumfa. Wata rana surukinsa ya iso daga gonarsa ta ƙauyen Kusa, ya miƙa hannu zai shafa.

"Baba, a wanke hannu tukuna."

"Ni? Ɗiya na ba ka sukutum, ba ka ce in wanke hannu ba, sai ganye?"

Sallah biyu tsohon bai ci tuwon gidan Ilu ba.

Yanzu rumfar tana hannun matarsa, Hajiya Rabi, kuma da ita take ciyar da gidan. Watan jiya ganye ya fara rawaya. Wani mai sayar da taki ya ɗauki hoto da waya, waya ta ce ƙarancin taki ne. Aka kira ni a matsayin mai ilimi. Na karanta Turancin da kyau, na ce haka ne.

"Malam," in ji Rabi, "ka karanta waya. Ganyen fa, ka karanta shi?"

Ta nuna mini: na ƙasa kore shar, na sama atamfa. Ta juya ɗaya, ga darɓa cunkus. Layi guda ta tuge, da 'ya'yansa da suka kusa isa kasuwa, don ta tsirar da sauran.

Na sha tambayar kaina me Ilu zai ce da wannan zamani. Ina jin zai sayi wayar, don shi ba maƙiyin sabon abu ba ne, sannan ya tambayi wane ganye aka nuna mata.

Bai bar littafi ba, ba a sa wa ko lungu sunansa ba. Ya dai bar matar da ba ta taɓa zama a ajin aikin gona ba, wadda ta iya tuge shuka mai 'ya'ya. Ta yi kuka ranar, amma sai bayan ta gama binne su. Allah ya jiƙan Ilu.