Intabiyu a Wayar Kawu

Da muka baro ƙauyenmu ta wajen Wasagu muka sauka gidan kawuna a Zuru, ba da niyyar zama muka zo ba. Mama ta ce za mu fake ne har hankali ya kwanta. Abin da ya kore mu ba zan tsaya ba da labarinsa ba, duk wanda yake yankin nan ya sani. Iyakar abin da zan ce, da safe ne, muna gona, muka ji ƙarar babura da yawa suna tahowa tare. Tun daga ranar, in babura suka wuce a jere, sai ƙafafuna su mutu a inda nake tsaye. Magana ma ta rage mini. Da mama ina yi, da mutanen gida ina yi, amma in baƙo ya tambaye ni ko da hanyar kasuwa ce, sai harshena ya yi nauyi, in yi ta kallon ƙasa har ya gaji ya wuce.

Rani ya yi nisa, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, mama ta fara maganar komawa. Wasu daga cikin mutanenmu sun riga sun koma share gonaki. Wata rana muna tsince wake ta ce da ni, "In kin sami abin yi a nan, ki zauna. In babu, tare za mu tafi. Ba zan bar ki gidan yayana kina cin tuwo a zaune ba, shi ma da nasa nauyin."

Amma na san in na sake taka hanyar gonar nan, ban san abin da zai rage a cikina ba.

Kawu tsohon soja ne, yana cin fansho, kuma ya yarda da kansa wajen samo wa mutane aiki. Yadda ya saba, zai sa kaftaninsa mai guga, ya sa mutum a gaba, a tafi wurin mai aikin. Zai gaisa, ya tambayi iyali, ya tono wanda suka sani tare, wani lokaci har wanda suka yi bariki ɗaya da shi. Sai can ya nuna ka da haɓa ya ce, "Wannan ɗiyar ƙanwata ce, ni na tsaya mata." Kai mai neman aikin naka shi ne ka durƙusa ka gaida mutane, ka koma baya ka sunkuyar da kai. Ba ka magana, babba yana nan. Wannan tsarin ya yi mini daidai ƙwarai.

Sai dai mun zaga gari ba mu ci nasara ba. Kantin magani, gidan mai, wata makaranta mai zaman kanta, wurin masu sayen hatsi. Ko'ina za a ba kawu kujera, a ba shi ruwa, a saurare shi har ya gama, sannan a ce, "Baba, ai yanzu ba a nan ake ɗauka ba. Ta cika fom a waya, masu dubawa suna Birnin Kebbi." A wani wurin ma yaron da ke riƙe da shagon ya ce shi kansa bai taɓa ganin wanda ya ɗauke shi ido da ido ba. A hanyar gida kawu ya yi ta faɗa shi kaɗai. "Aikin da babu wanda ya san uwarki, babu wanda ya san ubanki, in kin yi ɓarna wa za su kama? Wayar?"

Matar kawu ce ta ga sanarwa a gurup ɗin zumuntar mata. Wani kamfani mai sayar da fitilun sola zai buɗe shago a Zuru, suna neman wadda ta gama sakandare, mai jin Hausa da yarenmu na C'lela. Kawu bai yarda ba da farko, don an sha yaudarar yara da aikin ƙarya a waya. Sai da ya taka da ƙafarsa ya ga ana yi wa shagon fenti, ya yi wa mai fentin tambayoyi har ya gaji da shi, sannan ya ba ni babbar wayarsa, wadda ɗansa soja ya aiko masa, na cika abin da suka nema. Bayan kwanaki suka turo ɗan bidiyo na yadda fitilar take aiki, suka ce in kalla, za a kira ni intabiyu ta bidiyo ranar Talata da hantsi.

Na kalli bidiyon nan har na haddace. Amma ba shi ne damuwata ba.

Ranar Talata kawu ya fito da kaftani da hula, har da turare. Matarsa ta ce, "Wayar tana jin ƙamshi ne?" Ya ce, "Ke dai ki kula da tukunyarki." A cikin ɗaki sabis ba ya zama, don haka ya kai kujeru biyu gindin mangwaron ƙofar gida, bakin hanya. Ya ɗora wayar a kan benci, ya jingina ta da kwanon sha. Na ce a hankali, "Kawu, sun ce ni kaɗai." Ya ce, "Wayar ta wa ce?"

Wayar ta yi ƙara, ya danna. Wata mata ta bayyana, babba, da tabarau, ta kai sa'ar mama. Ina ganin fuskarta jikina ya yi abin da aka koya masa tun ina ƙarama: na zame daga kujera na durƙusa har ƙasa, na ce, "Ina kwana, Mama."

Sai na ji muryarta daga sama. "Alo? Yanzu na ga yarinya, ina ta shiga? Ko sabis ne?"

Kawu ya kai fuskarsa dab da wayar. "Tana nan ƙasa, Madam. Gaishe ki take yi."

Matar ta yi dariya har ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce, "Na amsa, ɗiyata, lafiya lau. Taso in gan ki, benci kawai nake gani da hular Baba."

Na tashi na zauna, kunya kamar ta kashe ni. Ta tambayi inda na yi makaranta. Kafin in buɗe baki kawu ya faɗa, har da sunan shugaban makarantar da yadda suka san juna. Ta tambaya ko na taɓa sayar da wani abu. Kawu ya ce tun ina firamare nake kai wa mama gyaɗa kasuwa, ban taɓa dawowa da gibi ba, kuma gidanmu ba a san mu da ɗauke-ɗauke ba, shi ya tsaya mini.

Ta ce, "Baba, wa za mu ɗauka, kai ko ita?"

"Da kuna ɗaukar tsofaffi ai da na fi ta."

"To ka bar ni in ji muryarta."

Ta juyo gare ni ta ce in faɗa mata dalilin da ya sa nake son aikin. Na ɗago kai, na haɗa maganar a raina, ta zo har bakina. Daidai nan masu baburan kabu-kabu suka fito daga kwana a jere, sun ɗauko mata da kaya za su Dabai. Na san su ne. Ina ganin kwandunan, ina ganin mai goyo a bayan ɗaya. Amma ƙarar ta riga ta shiga jikina. Hannuna ya kama gefen kujera, numfashina ya tsaya, na daina ganin wayar. Ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba.

Da na dawo, kawu yana magana ƙasa-ƙasa, ba irin muryar da ya saba ba. Yana cewa, "Yarinyar ta ga abin da ta gani a ƙauye, Madam. Ki yi haƙuri, ki tambaye ni duk abin da kike so, ni zan amsa."

Matar ta ce, "Allah ya kiyaye gaba. Amma Baba, gaskiya zan faɗa maka. Aikin nan magana ne daga safe har yamma, da mutanen da ba ta sani ba, kuma ba za ka zauna da ita a shago ba. In ban ji ta da kunnena ba, ba zan iya rubuta sunanta ba."

Na tuna sharaɗin mama. Na ga hanyar gona.

Ta ce, "Ɗiyata, Baba baƙo ne a wurinki?" Na girgiza kai. "To kar ki kalle ni, ki manta da ni. Baba ya shigo shago. Sayar masa da fitila. Baba, kai kuma kar ka tausaya mata."

Ba ta san wanda ta ba wannan izini ba. Kawu ya gyara zama, ya tura hula gaba, ya ɗaure fuska irin wadda yake yi wa masu nama a kasuwa.

"Ke yarinya, mene ne wannan kuke sayarwa?"

Na ce fitila ce mai caji da rana. Muryar ta fito ƙarama, amma ta fito.

"Ina da tocila."

Na ce wannan tana haska ɗaki duka, kuma tana cajin waya.

"Haka aka ce mini a kasuwa bara, na saya, ba ta ga ƙarshen wata ba. Duk ɓarayi ne ku. In damina ta zauna, rana ta ɓuya fa? In kwana a duhu ina jiran kamfaninku?"

Na bayyana masa cewa ko da hadari tana ɗaukar caji, sai dai a hankali, kuma in ta cika tana kaiwa har gari ya waye. Ya taɓe baki. Ya ce tocilarsa ta fi shekarun aikin kamfanin, bai ga abin da zai raba shi da ita ba. Yana faɗa yana kallon gefe kamar zai tashi ya tafi shagon gaba.

A nan ne raina ya ɓaci da gaske. Na san tocilar nan. Ni nake share tsakar gida, ni nake ganin abin da yake yi kowace safiya. Na ce, "Kawu, kai da kake jera matattun batira a kan kwanon ɗaki kana shanya su a rana? Ai ka daɗe da fara sola, taka ce dai ba ta aiki. Jiya da dutse ka buga su kafin ta kawo, kuma wayar nan ma sai an kai ta wurin mai caji."

Daga cikin gida na ji matarsa ta fashe da dariya, ashe tana bayan ƙofa. Kawu ya zaro ido. "Ke, a gaban baƙuwa?"

"Kai ka shigo shagona."

Sai ya juya zancen zuwa C'lela don ya rikita ni, ya zama tsoho daga kan tudu wanda bai jin Hausa, yana tambaya ko abin yana jan tsawa in an ɗora shi a kan rufi. Na amsa masa da C'lela, na nuna masa da hannu inda ake ajiye faifan da ke ɗaukar rana da yadda ake goge masa ƙura. Ya ce in jikansa ya jefa fitilar a randa fa, za a canza masa? Wannan babu shi a bidiyon. Na tsaya, na ce ban sani ba, amma zan tambayi manya in faɗa masa kafin ya biya. Sai a lokacin na tuna akwai wata a cikin wayar. Na juya na kalle ta, ido cikin ido, na maimaita mata tambayar da Hausa.

Ta ce, "Ba a canzawa in ruwa ne. Kuma gara da ba ki ƙirƙiro masa amsa ba." Ta yi rubutu, ta ce za su turo saƙo. Ta ce da kawu, "Baba, za ka saya?" Ya ce sai ya yi shawara.

Kiran ya yanke. Kawu ya ɗauki wayarsa ya goge ta da hannun kaftani. Ya ce, "Maganar batir ɗin nan ba ta zama dole ba." Amma da ya shiga gida na ji shi yana ba mama labari, yana kwaikwayon muryata, har da ƙari.

Ban warke ba, kar in yi ƙarya. Yanzu da nake rubuta wannan a bayan kantar shagon, akwai ranakun da sai na shiga ɗakin ajiya na zauna kan kwali har zuciyata ta lafa, sannan in fito in ci gaba da wanda yake jira. Amma ina fitowa. Na yi magana da makiyaya, da matan sojoji daga bariki, da wani malami daga Mahuta da ya zo da tambayoyi fiye da na kawu, kuma ya saya.

Saƙon ya iso ne bayan an yi ruwan farko. Mama ta riga ta ɗaure kaya, nata da nawa a ƙunshi ɗaya, motar kasuwa za ta tashi washegari. Kawu ya shigo tsakar gida da wayar a hannu, ya miƙo mini ya ce in karanta da ƙarfi, idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Na karanta. An ɗauke ni, in zo horo ranar Litinin.

Mama ba ta yi guɗa ba, ba halinta ba ne. Ta ce, "Mun gode Allah," ta jawo ƙunshin ta kwance shi. Ta zare zannuwana ɗaya bayan ɗaya, da takalmin zuwa coci, da ɗankwalin da na daɗe ina roƙonta ta hana ni, ta ɗora mini su a cinya. Na riƙe hannunta na ce ita ma ta zauna, in na fara karɓar albashi za mu iya. Ta ce gona tana jiranta, kuma ba ita kaɗai za ta koma ba, amma in na kama ɗaki, lokacin kaka za ta zo ta ga ko ina shara.

Ta sake ɗaure ƙunshin, ya koma ƙarami. Ta ce, "Ƙaramar tukunyar dai da ita zan tafi. Ma'aikaciya ta sayi tata."