Wa Ya Share Wurin?

A gidanmu na ƙauyen Mai Yara, da an gama ɗaure hatsi an zuba a rumbu, sai Iya, kakata ta wajen uba, ta hura wuta da kara a tsakar gida bayan sallar isha'i. Mukan kewaye ta mu jikokinta, muna tura gyaɗa cikin toka, ita kuma tana miƙe ƙafafunta masu faso kusa da garwashi. Ba ta fara tatsuniya sai ta shaƙi tabarta ta yi atishawa, sannan ta ce, "To, ga ta nan ta taho muku." Mu kuma mu amsa da ƙarfi, "Ta iso mu ji ta!"

Akwai guda ɗaya da na tsana, ita kuwa Iya ta san haka, shi ya sa take yawan maimaita ta. Wai kurege ne ya gano wata inuwar gawo a bakin hanyar rijiya, inda kowace dabba ke wucewa. Ya ce nan zai zauna yana sayar da gyaɗa. Sai ya tafi saƙa tabarma, ya tafi neman faifai, ya tafi wajen masassaƙi a yi masa kujera, kuma duk wanda ya gamu da shi sai ya ba shi labarin inuwar. Bushiya ta ji. Sai ta ɗauki guntuwar tsintsiya ta share ƙarƙashin gawon, ta kafa duwatsu uku ta zauna. Da kurege ya dawo da kayansa niƙi-niƙi, suka kai ƙara gaban dila. Tambaya ɗaya dila ya yi: wa ya share wurin?

Nan nake tashi tsaye ina buga ƙafa. "Wallahi zalunci ne, Iya! Shi ya fara gani!" Sai ta yi dariya har da tari. "Zamna, mai bakin tsiwa. Ido ba ya kama wuri, tsintsiya ke kamawa. Ƙurunƙus, kowa ya tahi ya kwanta."

Bara, ina da 'ya'ya uku a Dakoro, ɗinki ya daina ciyar da mu, na yanke shawarar sayar da dambu da kwaɗon zogale a kan amalanke. Na hango wuri: gindin wata bishiyar bedi a bakin tasha, inda motocin ƙauye ke sauke mutane da yunwa ranar kasuwa. Duk faɗin wajen babu wata inuwa sai ita. Da yake na ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, na sayi kaye, littafin rubutu, na rubuta komai dalla-dalla. Na kai wa mai walda ya haɗa mini amalanke mai rumfa, na sa aka shafa mata shuɗin fenti, na nemo madambaci da kwanoni, na yi ta sintiri meri, ofishin magajin gari, har na samu takardar izini mai hatimi. Wata biyu cur ina wannan shiri. Kuma kowace yamma ina zaune a ɗakin Rabi, ƙawata tun ƙuruciya, ina zayyana mata har inda zan aje tulun ruwa.

Ranar da na turo amalanken, sanye da sabon zane, sai na tarar da gindin bedin a share tas, an yayyafa ruwa, murhu na hayaƙi. Rabi ce zaune da tsohuwar tukunya da kwano huɗu. Dambu take sayarwa, da zogale.

"Rabi, mi nike gani haka?"

"Ayya ƙawa, na ga kin daɗe ba ki zo nan ba, na ce ko kin hwasa ne."

Fasawa! Ita da ta taya ni zaɓen kalar fenti! Na je wajen sarkin tasha, na miƙa masa takardata. Ya juya ta gaba da baya, ya maido mini cikin ladabi. "Ɗiyata, wagga takarda ta ce ki yi sana'a, ba ta ce gindin wane icce ba. Kwana goma ke nan ina ganin mace na shara nan kullum da sahe. Ke ce?"

Na ninke takardata. Atishawar Iya kawai nake ji a kunnena.

Yanzu ina can gefen hanyar kasuwar dabbobi, cikin rana tsaka, fentin ya fara ɓarewa. Na dasa 'yar bedi a wurin, ina ba ta ruwan wanke kwanoni, kuma ko ranar da ba na fitowa sana'a sai na je na share. Na gane Iya ba ta taɓa cewa bushiya na da gaskiya ba, gaya mini take yi akwai ta a duniya, kuma takan zauna kusa da kai tana gyaɗa kai. Allah ya jiƙan Iya, na karɓi karatun, ko da yake a makare. Amma da za ta dawo ta sake hura wutar nan, wallahi sai na sake tashi na buga ƙafa.